Shagon da Muka Buɗe da Nomau

Yanzu idan na zauna a ofishinmu da safe, abin da kunnena yake fara ji shi ne rurin tifa tana juye yashi, sai ƙarar injin buga bulo, sai hon ɗin masu adaidaita sahu suna ɗiban ma'aikata zuwa cikin gari. Mutanen da suke hawowa benen nan da aikinsu, shugabannin makarantu da masu ƙananan asibitoci da 'yan kasuwar da suke son a haɗa musu kwamfutoci, sukan dubi furfurata su ja ɗana gefe su tambaye shi, wai a ina tsohon ya koyi wannan harka. Shi kuma ya ce musu mahaifinsa ya daɗe a cikinta. Bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Mu biyu ne muka daɗe a cikinta, kuma ɗayan ne mai basirar.

Ƙauyenmu yana can arewa da nan, tsakanin Ungogo da hanyar Bici, a irin ƙasar nan da ba a barin ko taku ɗaya babu shuka. Gona tana manne da gona, jerin gamba ne kawai yake nuna maka inda ta wane ta ƙare, ta wane ta fara. Ban san agogo ba sai da na girma. Muryar liman ce take tashinmu, babu lasifika, tsohuwar murya mai rawa wadda wata rana iska ta kawo mana ita, wata rana ta tafi da ita wani wajen. Daga nan sai lugude ya ɗauka, gidan nan yana amsa wa gidan can, har kana iya ware turmin Innarmu daga na maƙwabta, domin nata ya tsage a gindi, amonsa ya fi kauri. Da rani jakuna ayari suke yi, su kai itace birni su dawo da taki a mangala, mu yara mu bi muna juye shi tsibi-tsibi a gona. Ba na cewa daɗi ne zalla. Mun sha yunwar tsakiyar damina kafin sabon gero ya nuna, mun sha ƙaiƙayi wajen sussuka, mun binne ƙanne da ƙyanda ta ɗauke. Amma kowa ya san kowa, kuma kowa ya san kakan kowa.

Gonarmu ta yi iyaka da ta wani babban gida na Maguzawa. Ba sa salla, suna dafa giya, matansu suna noma kafaɗa da kafaɗa da maza. Baba ba ya shan abin da suke sha, amma ranar gayyarsu shi ne kan gaba da garmarsa, ranar tamu kuma su ne suke cika mana kunyoyi. Idan za su yi biki, sai babban gidan ya aiko a kira Baba ya yanka musu akuyar da hannunsa, don kawai mu ma mu iya ci. Da salla kuwa akushinsu ne na farko da Inna take cikawa. Baba yakan ja mana kunne ya ce kakanninsu sun riga namu saran dajin nan, su suka nuna wa namu inda za su haƙa rijiya, saboda haka duk yaron da ya wuce dattijonsu bai durƙusa ba zai gamu da shi. A wannan gida aka haifi Nomau, damina ɗaya da ni.

Idan gero ya fitar da kai ya fara ido, aikinmu koran tsuntsaye ne. Ana kafa mana gadon kara a kan sanduna tsakiyar gona, mu hau tun rana ba ta fito ba, mu yi ta ihu da jifa da majajjawa har murya ta dishe. Jan-baki ba sa jin tausayi; ka kore su gabas su sauka yamma. Wata shekara sai na ga Nomau yana tsince gwangwanayen madara a bakin hanyar mota, yana tufka igiyar rama da yamma. Bai ce mini komai ba, don shi ba mai yawan magana ba ne. Ya zuba tsakuwa a gwangwanayen, ya rataye su a igiyoyin, ya ja su daga sanda zuwa sanda har suka ƙetare gambar iyaka suka shiga gonarmu, sannan ya tattaro bakinsu duka ya ɗaure a gadonsa. Washegari Baba ya zo kewaya ya same ni a gindin ɗorawa ina gasa masara, gadona babu kowa. Ya ɗaga hannu zai kwaɗa mini mari ke nan, sai Nomau ya fizgi igiya. Gonakin nan biyu suka ɗauki kwaramniya lokaci guda, tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi. Baba ya tsaya da hannunsa a sama, ya daɗe yana kallo.

"Kai, wa ya koya maka wannan?"

"Babu kowa, Baba," in ji Nomau daga can sama. "Na ga dai muryarmu tana ƙarewa, tsuntsayen ba sa ƙarewa."

Da yamma Baba ya taka har gidansu, ya ce wa mahaifinsa, yaron nan kada a bar shi da fartanya kaɗai. Ni kuma da ya dawo ya ce mini, "Kai ba ka da kansa, amma kana da haƙuri. Ka bi shi, ka riƙa riƙe masa igiya." A lokacin maganar ta yi mini zafi. Daga baya na gane duk rayuwata ce ya faɗa mini a taƙaice.

Tare muka yi firamare, muna tafiya a ƙasa da rogo a aljihu. Muna cikinta ne wani mai wa'azi ya riƙa zuwa gidansu a kan keke, har suka karɓi addinin Kirista, suka gina 'yar majami'a ta ƙasa a bayan rumbunansu. Abin da ya canza a idonmu shi ne an daina dafa giya, kuma ranar Lahadi muna jiyo waƙa da Hausa. An ba shi sabon suna, amma ko mahaifiyarsa ba ta taɓa kiransa da shi ba. Daga firamare shi ya tafi makarantar koyon sana'a ya karanci gyaran na'urori, ni kuma da karatuna bai yi nisa ba na shiga birni na koyi buga tafireta, har Allah ya sa na samu aiki a ofishin wata makaranta a Bici. Tun ranar ya raɗa mini Akawu, bai sake kirana da sunana ba.

Yaran yanzu ba su san tafireta ba. Ba su san ƙarfin da yatsa yake yi kafin harafi ya fito ba, ko 'yar ƙararrawar nan da take cewa ƙirin idan ka kai ƙarshen layi, ko yadda kuskure ɗaya a ƙasan shafi yake sa ka yage takarda ka faro daga sama. Lokacin jarrabawa a injin juyi muke fitar da takardu, hannu da riga duk baƙin tawada. Nomau yakan zo a babur ɗinsa da jakar kayan aiki ya duba mana injinan, ya zauna ya kwance tafireta gaba ɗaya a kan tabarma, ya wanke ta da kananzir, ya mayar, ko ƙusa ɗaya ba ta ragowa.

Sai aka kawo kwamfuta. An ware mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyi da mu mutane ba a taɓa sa mana ba, aka lulluɓe ta da ƙyalle, kuma sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Wanda aka tura ya koyo ta bai daɗe ba ya samu aiki a banki ya tafi. Ta zauna a rufe kowa yana tsoronta, har ranar da aka ce Akawu ya gwada tunda haruffan iri ɗaya ne. Na gwada, na ga rubutu yana goguwa ba tare da an yage takarda ba, na koma gida ban iya cin abinci ba. Da ta lalace aka rasa mai gyara, ni na roƙi shugaban makarantar ya bari Nomau ya buɗe ta. Ya ce idan ta mutu a hannunmu bakin aikina. Nomau ya zauna gabanta ya yi ta kallon cikinta shiru, irin kallon da yake yi wa gona kafin ya kafa sanda, sannan ya zare wani ɗan allo ya goge shi ya mayar. Ta tashi. Daga ranar, idan an tashi daga aiki sai mu tsaya a ɗakin, shi yana karanta littafin da ya zo da ita yana fassara mini, ni ina dannawa. Makarantar kwamfutarmu ke nan. Babu wanda ya ba mu takardar shaida.

Da kwamfutocin suka yawaita, aka ce ba a bukatar masu tafireta da yawa, kuma waɗanda za a riƙe su ne masu shaidar karatu. Ni da na koya wa rabin ofishin nan inda ake kunna ta, ni aka fara sallama. Ban ga laifin wani mutum ɗaya ba, tsarin ne haka, amma har yau idan na tuna sai na ji ɗaci a harshena. Nomau ne ya zo ya same ni a gona ina huce haushina a kan ciyawa.

"Akawu, ajiye fartanyar nan. Ɗaliban jami'a suna neman mai buga musu takardu a Rijiyar Zaki. Na ga wani shago."

"Da me za mu buɗe?"

"Na sayar da babur. Kai kuma kana da bijimi a turke."

Haka muka fara, da tsofaffin kwamfutoci biyu da ya harhaɗa daga gawarwakin wasu, da ɗan janareta mai tari kamar tsoho. Ni ina gaba ina bugu da karɓar mutane, shi yana ɗakin baya da waya da dalma. Da intanet ya zo muka ƙara kujeru, samari suna layi don su aika saƙo. Nomau ya bi bango da wayoyi ya haɗa injinan duka suka koma jin maganar juna, ya dube ni yana dariya ya ce saura mu rataya gwangwani. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Da azahar ya tsare mini shago in je masallaci, ranar Lahadi in tsare masa. A kwano ɗaya muke cin garau-garau. A nan ne kuma masu makarantu suka fara kiranmu mu je mu ba su shawarar irin injin da za su saya, mu haɗa musu, mu koya wa malamansu. Aikin da muke ci da shi yau a can ya tsiro.

Wata shekara gari ya rikice, irin rikicin nan da yake farowa can nesa a kan abin da yawancin masu gudu da sanduna ba su san kansa ba. Da hantsi ne. Muka ga hayaƙi ta wajen birni, masu shaguna suka fara ja ƙofa. Kafin mu rufe tamu sun iso. Na tura Nomau ɗakin baya na tsaya a bakin ƙofa. Wanda yake gabansu na san shi, jikan wani dattijo ne na ƙauyenmu, wanda ni da idona na sha ganin kakan nasa yana cin tuwon gayya a gonar su Nomau. Shi kansa yaron a kujerunmu ya koyi riƙe linzamin kwamfuta.

"Malam, ba da kai muke ba, ka matsa," ya ce. "Arnen nan muke so ya fito ya tattara ya koma garinsu."

Na buɗe baki ke nan sai na ji Nomau a bayana. Ya fito. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, dube ni da kyau. Idan na kama hanyar garinmu, ta ƙofar gidanku zan wuce. Wane garin kake so in koma?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Amma na bayansa ba su san ƙauyenmu ba, ba su kuma damu su sani ba. Dutse ya wuce ta gefen kunnena ya tarwatsa gilashi. Allah ya saka wa maƙwabcinmu mai walda da alheri. Shi da mutanensa suka kutso da ƙarafa a hannu, suka kewaye Nomau suka ja shi ta lungu zuwa gidansa. Ni aka hankaɗe ni gefe. Ina kwance a kwata ina kallo aka fito da injinanmu ɗaya bayan ɗaya ana fasawa a kan titi.

Ko ƙwarzane Nomau bai samu ba. Da ƙura ta lafa muka share gilasai, ya zauna ya tsince abin da zai moru, ya sake tayar da shagon da hannunsa. Na ɗauka magana ta wuce. Sai da komai ya koma aiki, wata la'asar muna zaune a benci, ya ce mini zai tafi. Garin matarsa zai koma, can kudancin Kaduna.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Don 'yan iska sun yi ihu sai ka bar musu ƙasar kakanka? Ba ka ga na tsaya a ƙofa ba?"

"Na gani, Akawu. Amma ba kullum za ka kasance a ƙofa ba. 'Yata ita kaɗai take tafiya makaranta." Sannan ya ce, "Ba duwatsun ba ne. Yaron nan ya san ni. Ya san ni, kuma ya faɗa."

Na ce a raba shagon ya ɗauki rabonsa, ya ƙi. Jakar kayan aikinsa kaɗai ya rataya. Bayansa 'yan'uwansa suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu birni, wasu nesa, har babban gidan nan ya zama kango, 'yar majami'ar ta rushe da ruwan wata damina babu mai tayar da ita. Ba wanda ya kore su da baki a ƙauyenmu. Ba kuma wanda ya je ya ce su zauna, domin dattawan da za su faɗi haka duk sun riga sun kwanta dama.

Ni na ci gaba. Wayar hannu ta zo ta kashe layin samari, kowa intanet ɗinsa yana aljihunsa, muka kwashe kujeru. Ɗana ya gama jami'a ya shigo da takardun shaidar da ni ban taɓa samu ba, ya yi wa shagon rajista ya koma kamfani, muka hau bene. Yanzu aikinmu mu je makaranta mu tsara mata ɗakin jarrabawar kwamfuta, mu je asibiti mu tsara yadda za su adana bayanan marasa lafiya, mu faɗa wa ɗan kasuwa abin da ya kamata ya saya da abin da za a cuce shi da shi, mu haɗa da sola tunda wuta ba abin dogaro ba ce. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma roƙi kowa ba. Yaran da suke mana aiki suna da ilimi, ba na raina su, sun san abubuwan da ni ba zan taɓa sani ba. Abu ɗaya dai na lura, ba sa iya zama shiru gaban abin da ya lalace. Kafin ka ƙifta ido sun ce a sayo sabo.

Duk tsawon shekarun nan ba mu rabu da Nomau a waya ba. Idan aiki ya cije nakan kira shi, ya saurara, ya ce in duba kaza. Amma kafin ya ajiye sai ya tambaya. "An yi ruwa a gida? Gero ya fitar da kai?" Da farko ina ba shi amsa. Daga baya amsar ta fara ƙaranci, domin birni ya taso mana kamar ambaliya. Dillalai suka shigo da igiyar awo, gona ta koma fuloti, aka sare ɗorawa da kuka, inda ake jin lugude aka koma jin injin niƙa da janareta. Na ce masa, "Nomau, ruwa ana yi, amma a kan kwano yake sauka." Ya yi dariya, ya ce in dai ƙasar tana nan shi zai dawo ya kwanta a cikinta. Na ɗauka zancen tsufa ne.

Bara da kaka 'yarsa ta kira ni. Tun da na ji ta ce "Baba" ta yi shiru, na san abin da ya faru. Ta ce ya bar wasiyya, ya maimaita ta har a gadon asibiti, a kai shi gida a binne shi kusa da iyayensa. Ta ce, "Ya ce in kira ka, kai za ka san yadda za a yi."

Na ajiye waya na tafi ƙauye. Maƙabartarsu tana gindin wata tsamiya ce a bayan tsohon gidan. Na tarar da katangar bulo da ƙofar ƙarfe, a ciki ana zuba dakalin gini. Babu tsamiya, babu tudun kabari ko ɗaya. Na tambaya. Wasu suka ce 'yan'uwansa ne suka haɗa da wurin a ciniki lokacin da suka sayar da gonakin, wasu suka ce masu awo ne suka zarce inda aka nuna musu. Kowa ya nuna wani. Mutanen da suka nuna wa kakanninmu inda za su haƙa rijiya suna ƙarƙashin dakalin wani baƙo.

Saura wuri ɗaya: gonar Baba, wadda har lokacin ba mu raba ba. Washegari da safe na tara su a zaure, Yayanmu da ido ya fara gaza masa, da ƙanena wanda shi yake kula da gonar, na kuma roƙi liman ya zo, ɗan tsohon limamin nan ne, tsaranmu, tare muka yi koran tsuntsaye. Na ce musu kusurwa ɗaya nake roƙo, gwargwadon kwanciyar mutum, a cire daga rabona.

Liman ya fara magana. Ya ce, "Ni abin da na sani, maƙwabci yana da hakki. Ba maƙabartarmu aka ce a sa shi ba, gefen gona ne, ban ga abin da zai hana ba. Amma gonar ba tawa ba ce."

Ƙanena ya gyara zama. "Yaya, wallahi ni ba zancen addini nake ba. Nomau ya goya ni a bayansa, ban manta ba. Amma masu sayen wurin nan sun zo sun gani, magana ta kusa ƙarewa. Ka sa kabari a kusurwa, wa zai gina gidan da tagarsa take kallon kabari? Kuma ba mu kaɗai ba ne, akwai 'yan'uwanmu mata, akwai marayu, kowa wurin nan yake jira."

"To a yanke mini rabona yau, in yi abin da na ga dama da shi."

"Rabon gado ba a yinsa a wuni ɗaya, Yaya, kai ma ka sani. Kuma ko an yanke, kabarin yana nan kusa da na kowa."

Na juya ga Yayanmu. Shi ne ya fi kowa sanin abin da Baba zai ce. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a hankali, "A bar maganar nan. Zamanin ya wuce mu."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban iya kiran ƙanena mugu ba. Da ƙiyayya ce ta hana, da na san da wa nake faɗa. Ba ƙiyayya ba ce. Ƙasar ce ta daina zama wurin da ake haihuwar mutum a binne shi, ta koma kaya a kasuwa, kuma kaya ba a son tabo a jikinsa. Na fito daga zauren na kira 'yar Nomau. A duk rayuwata ban taɓa faɗin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na ce mata, "'Yata, na kasa."

Da yake sun riga sun iso Kano da gawar, a maƙabartar Kiristoci ta gari aka binne shi, tsakanin mutanen da suka zo Kano ci-rani daga nesa. Faston ba ɗan ƙasar nan ba ne, da Turanci ya yi yawancin addu'arsa, kuma da sunan nan da babu mai kiransa da shi ya riƙa ambatonsa, har na ɗan ɗauka wani ake binnewa. Na tsaya daga gefe ni da mai walda, wanda ya rufe shagonsa ya zo da sandarsa. Da aka fara tura ƙasa, yayar Nomau, tsohuwa tukuf, ta ɗauki wata waƙarsu ta Hausa da muryarta da ta ƙare. Babu wanda ya iya amshin. Ita kaɗai ta kai ta ƙarshe.

Da za a watse 'yarsa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Mace ce babba yanzu, da 'ya'yanta. Ta ce tana ƙarama aka tafi da ita, abin da take tunawa na ƙauyen rumbu ne kawai da ƙanshin hayaƙi. Ta ce, "Baba, kafin mu koma, ka kai ni in ga inda aka haife shi."

Na shiga motarsu muka tafi. Tsohuwar maƙabartarsu ranar nan na gane ta ne don na tambaya, amma gidan, da na ce ba sai na tambayi kowa ba, sai ya gagare ni. An fitar da layuka sababbi, an cike kwarin da nake kwatance da shi, duk bishiyar da zan kama ta zama alama babu ita. Muka shiga wannan layi muka fita ta wancan, katanga iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya. Ni da na yi rarrafe a ƙasar nan, na tsaya tsakiyar titi ina juye-juye, tana kallona tana jira, yaranta sun fara ƙosawa da rana. Daga ƙarshe na nuna wata katanga mai ruwan toka da aka jera wa fasassun kwalabe a kai, na ce nan ne.

Ta matsa ta dafa bulon da tafin hannunta, ta daɗe a haka. Sannan ta kira yaranta ta jera su a jikin katangar, ta ce su tsaya da kyau, nan ne gidan kakansu. Ta miƙo mini wayarta ta ce in ɗauke su. Na ɗauka. Har suka hau mota suka tafi ban gaya mata ba ni da tabbas ba.